Yadda zaki taimaki matan karkara a kan tsaftar jinin al'ada

Duk shekara in 28 ga watan Mayu ta zagayo, wato ranar tsaftar al'ada ta duniya wadda ƙungiyar WASH United ta ƙasar Jamus ta faro a 2014, sai kiga hotuna sun cika waya, an loda kwalayen fad, wato audugar mata, a mota an shiga ƙauye an raba, yara sun ɗaga fakiti sama an ɗauke su hoto. Ban raina wannan ba, Allah ya saka wa masu yi da alheri. Amma fakiti ɗaya wata ɗaya yake yi, wani lokacin ma baya kai ƙarshen kwanakin, ita kuwa al'ada wata mai zuwa tana nan tafe, tun yarinya na shekara 12 ko 13 har sai ta kai tsakanin 45 da 55 kafin ta ɗauke. Toh in kina son taimakon da zai zauna, sai kiyi tunanin abin da zai rage a hannun matan bayan ƙurar motarki ta lafa. Bankin Duniya ya ƙiyasta mata kusan miliyan 500 ne a duniya basu da kayan al'ada da wurin gyara jiki yadda ya kamata, kinga ba abu bane da kwali goma zai magance.

Kada ki fara da lacca. Ranar farko ki je ki gaida shugabannin gari ki faɗi abin da ya kawo ki a fili, don maganar da aka shigo da ita a ɓoye ita ce ake zargi daga baya. Sannan ki nemi matan da ake jin maganarsu, ungozoma, malamar makaranta, ma'aikaciyar lafiya in akwai, da dattijuwar nan da kowace amarya ke zuwa wajenta neman shawara. Ki zauna ki tambaye su, Mama da me mata suke ƙunzugu a nan, ina suke wankewa, ina suke shanyawa, ruwa daga ina ake ɗebowa kuma tafiyar minti nawa ce, yarinya in ta fara wa take fara gaya wa. Amsoshin nan sune darasinki. In ruwa sai anyi tafiyar awa ɗaya kafin a samo jarka biyu, ke kuma kika tsaya kina cewa ayi wanka sau uku a rana, zasu ce miki toh da ladabi, kina juya baya shikenan an manta.

Ki raba zama. Ƴanmata daban, iyaye mata daban, don babu yarinyar da zata buɗe baki tayi tambaya alhali babarta ko matar yayanta na zaune a gefe. Kuma kada taron ya wuce mutum 15 zuwa 20, a ɗaki ko wani wuri da maza basa giftawa. Ki aje kwali da ƴan takardu duk mai tambaya ta rubuta ta jefa ba suna, waɗanda basu iya rubutu ba su raɗa wa mataimakiyarki a kunne. Wallahi tambayoyin da zasu fito daga kwalin nan sai sun baki tausayi, akwai wadda zata tambaya ko ciwo ne ya kama ta, akwai wadda ke tsoron kar a ce wani ne ya taɓa ta shi yasa ta ɓoye wata da watanni. Shi yasa nake ganin kuskure ne a jira sai yarinya ta fara. Tun tana 9 ko 10 ya kamata ta ji, domin wasu suna farawa da wuri, kuma gara ta sani tun kafin ranar da zata ga jini a jikinta ita kaɗai a banɗaki.

Bayanin jiki kiyi shi a sauƙaƙe. Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a cikinta kamar mai gyara ɗaki don baƙo, in ciki bai shiga ba sai shimfiɗar ta warware ta fito, shine jinin. Ba ƙazanta bace ba cuta bace. Yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7, kuma daga ranar farko ta wannan watan zuwa ranar farko ta na gaba yawanci kwana 21 zuwa 35 ne, ba dole sai 28 cif ba. Shekara ɗaya ko biyu na farko yakan yi wasa, ya zo wannan watan ya tsallake na gaba, ki gaya wa iyaye wannan da kyau don an sha dukan yara da zargi a kan abin da ba laifinsu ba. Duka jinin da ke fita a wata ɗaya ma bai fi cokali biyu zuwa biyar ba a wajen yawancin mata, a tsumma ne yake bazuwa ya zama kamar mai yawa. Ki koya musu lissafi, mai kalanda ta dinga saka alama, wadda bata karatu ta dinga ɗaura ƙulli a zare kullum daga ranar da ta fara, ko ta jera duwatsun ado 28 biyar daga ciki jajaye irin abin hannun da ake sawa a ranar 28 ga Mayu. Amfaninsa ta san lokacin da zata shirya kayanta. Ki ja musu kunne cewa wannan lissafin ba hanyar tazarar haihuwa bace, mai son wannan ta je asibiti.

Yanzu maganar tsumma, kuma nan nake so ki fi daɗewa.

Dan Allah kada ki shiga gari ki ce tsumma ƙauyanci ne ko shi ke kawo cuta. Da shi kakanninmu suka rayu, kuma da shi yawancin matan da ke gabanki zasu cigaba bayan kin tafi. Tsumma mai tsafta lafiya lau ne. Inda matsalar take shine irin yadin, da wankin, da shanyar, musamman shanyar. Yadin ya zama auduga zalla mai laushi mai shan ruwa, tsohon zani da ya sha wanki ko tawul, banda mai santsi ko mai roba roba don baya tsotsewa sai dai ya riƙe zafi ya goge cinya. Banda katifa da aka yanka, banda jarida, banda ganye ko tsumman da aka tsinta. Ki riƙe ɗaya a hannunki ki nuna musu yadda ake ninkawa gida uku ko huɗu ya yi tsawon tafin hannu ɗaya da rabi, ki ɗora shi cikin fant, wato ɗan kamfai, a gabansu, ki miƙa kowa ta gwada da hannunta. Zasuyi dariya su rufe fuska da mayafi, ki barsu suyi, dariyar ce ke sakin jiki. A waje ake sa shi, ba a tura shi ciki. A canza duk bayan awa 4 zuwa 6, ranakun da yake zuba da yawa kuwa da zarar an ji ya jiƙe, kuma kowa da nata, ko uwa ɗaya uba ɗaya ba a aron ƙunzugu.

Wanki kuma da ruwan sanyi ake farawa, ruwan zafi yana dafa jinin ne ya kama yadin ya ƙi fita. A jiƙa shi kamar rabin awa a bokiti ko roba da aka ware don shi kaɗai, a zubar da ruwan a masai, a saɓa da sabulu a cuɗa sosai, a ɗauraye har sai ruwan ya fita tas babu kumfa, domin sabulun da ya rage a yadi shi ma yana sa ƙaiƙayi. Sai shanya. Nan ne kunya take cutar da mata, zaki tarar an wanke shi da daddare an cusa ƙarƙashin katifa ko bayan tukunya ko a lungun ɗaki inda iska bata shiga, gari ya waye yana da danshi a haka za a mayar jiki. Danshin nan shi ke tara ƙwayoyin cuta da fumfuna, daga nan sai ƙaiƙayi da ƙuraje da wari, a ce sanyi ne a dinga shan magani ba a san daga ina abin yake tasowa ba. Rana ce maganinsa, a shanya a igiya rana ta doke shi ya bushe ƙarau. Na san zasu ce miki ai maza na shigowa, yara na gani. Ki basu dabara, a yafa siririn mayafi ko ɗankwali mara kauri a kai, rana da iska suna ratsawa ido kuwa baya gani, ko a ɗaura igiya ta musamman a bayan ɗaki. Da damina in rana ta ƙi fitowa a shanya inda iska ke kaɗawa sannan a bi da dutsen guga, shi yasa yake da kyau mace ta mallaki kamar guda shida zuwa takwas don kada ta matsu ta sa ɗanye. In an gama al'ada a ninke su a jaka mai tsafta a rataye sama, ba a ƙasa inda ƙwari da ɓera ke bi ba.

Wani abu da masu rabon kaya suke mantawa shine fant. Fad dai a jikin fant ake manna shi, yarinyar da bata da shi ko guda ɗaya tal gareta duk ya saki, me zata yi da fakitin da kika bata? In zaki haɗa kaya ki sa fant biyu ko uku na auduga, da sabulu, da ƴar jaka.

In akwai tela mace a garin ko keken ɗinki ko ɗaya ne, toh kin samu abin da zai daɗe. Fad na wankewa ba wuyar ɗinki gareshi ba, ko da allura da zare ana yi. Ki yanka samfuri a kwali, tsawon kamar santimita 25 na rana, na dare ya kai 30 ko fiye, da fukafukai biyu a gefe. Sama yadin auduga mai laushi, tsakiya tawul ninki biyu ko uku, ƙasa yadin da ruwa baya ratsawa irin na lema, a fukafukan a sa maɓalli ya zagaye fant ya riƙe. A wanke yadin kafin a yanka don yana tsukewa. In an ɗinka na farko ki zuba masa ruwa cokali uku a gaban kowa ku ga ko zai yoyo, in ya yoyo a ƙara tawul. Ni na fi son wanda tsakiyarsa ake zarewa a buɗe shi kamar hankici, yafi saurin bushewa kuma in an shanya babu mai gane ko menene. In ana kula da shi yana kai shekara ɗaya har fiye. Matan da suka koya zasu iya ɗinkawa su sayar wa maƙwabtan ƙauyuka, wannan ɗan cinikin shi ke riƙe aikin ya cigaba ko babu ke.

Na kanti wanda ake yarwa shi ma ki buɗe ɗaya ki nuna, kar ki ɗauka kowa ta sani, akwai masu manna gefen gam ɗin a jikinsu, akwai mai kwana da wuni da guda ɗaya don ya isa. Ba a wanke shi a sake sawa. In an cire a naɗe a takarda ko leda a binne da zurfi ko a ƙona nesa da ɗaki, kada a jefa a banɗakin ruwa yana toshewa, ko masai na rami ma yana cika shi da wuri tunda akwai roba a ciki baya ruɓewa. Akwai kuma kofin al'ada na silikon da ake sawa ciki, yana iya kai awa 12 kafin a juye, ana tafasa shi ƴan mintuna bayan kowace al'ada, guda ɗaya yakan yi shekaru har kusan 10. Abu ne mai kyau ga wadda ta yarda kuma take da ruwan wanke hannu, amma fa kada ki tilasta, ki ambata shi a zaman matan aure wadda ke so zata biyo ki. In wani ya baku gudummawar tamfon, wato audugar da ake turawa ciki, ku sani ba a barinsa ya wuce awa 8 a jiki, yana iya jawo wata cuta mai haɗari da ke zuwa da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya.

Tsarki kuwa ruwa mai kyau ya wadatar, a wanke waje kawai, daga gaba zuwa baya don kar a kwaso ƙazantar baya a kawo gaba. Ba a kwarara ruwa ko sabulu ciki, ba a sa turare ko hoda ko wani haɗi, cikin yana tsaftace kansa da kansa, wanke shi ɗin ne ma ke kashe ƙwayoyin da ke kare shi. A wanke hannu da sabulu kafin a canza da bayan an canza. In kika ji ana cewa mai al'ada bata wanka ko wanka na tsayar da jini, kada ki ƙaryata dattijuwa a gaban jama'a, ki ce Mama a da haka aka ɗauka amma yanzu likitoci sun tabbatar wanka baya cutarwa, ruwan ɗumi ma sauƙin ciwon mara yake kawowa. In kika kunyata ta kin rasa garin gaba ɗaya.

Ciwon mara gaskiya ne ba raki bane, mahaifa ce ke matsewa don ta fitar da jinin. A sa ruwan ɗumi a gora a naɗe da zani a ɗora a mara, a ɗan taka a motsa jiki, in ya matsa a sha farasitamol ko ibuprofen yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa, shi ibuprofen bayan an ci abinci kuma banda mai olsa. Amma akwai alamomin da ba na zama a gida bane, waɗannan ki maimaita su har sai sun haddace. Jinin da ya wuce kwana 7, ko wanda ke jiƙa ƙunzugu sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko gudaji manya manya. Ciwon da ke kwantar da mace duk wata ta kasa tashi ko magani baya taɓa shi. Jini a tsakanin al'ada biyu, ko bayan saduwa, ko bayan mace ta manyanta ya ɗauke shekara guda sannan ya dawo, wannan na ƙarshen kam ko ɗigo ne a je asibiti don yana iya zama alamar kansar mahaifa kuma in an gano da wuri ana magani. Ruwa mai wari ko mai launin kore da zazzaɓi. Yarinyar da ta kai 15 bata fara ba. Sai kuma jiri da haki da kasala da ido yayi fari fat, wannan ƙarancin jini ne, yana da yawa a wajen masu zubar jini sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bada shawarar a dinga ba ƴanmata da mata masu al'ada ƙwayar ƙarin jini ta ayon da folik asid a wuraren da matsalar tayi yawa. Ki tambayi asibitin da ke kusa ko suna da ita kafin ki fara taro, ki san ranar da suke buɗewa da sunan wadda za a nema, kar ki ce wa mace je asibiti alhali ke ma baki san hanyar ba. Kuma ke ba likita bace sai in ke ɗin ce, kada ki rubuta wa kowa magani.

Wata rana bayan taro wata zata tsaya a baya har kowa ya watse, ta ce Anti ina son magana. Ki tsaya ki saurare ta ko kina sauri. Wataƙila wata uku kenan bata gani ba, wataƙila wani ne ke cutar da ita. Kada ki zare ido kada kiyi salati da ƙarfi, kada kuma maganar ta fita daga bakinki zuwa ga matan gari, ki haɗa ta da ma'aikaciyar lafiya ko wata babba da ita yarinyar ta amince da ita, ki kuma bi sawu.

Makaranta ki leƙa banɗakinta da idonki. Akwai ƙofa, ƙofar tana da sakata, akwai ruwa ko buta a ciki, na mata daban yake da na maza? Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2024 ya nuna makarantu 2 cikin 5 ne kacal a duniya ke koyar da lafiyar al'ada, kuma waɗanda ke da kwandon zuba fad a banɗakin mata basu kai ɗaya cikin uku ba. Yarinyar da ta san babu inda zata canza, gida zata zauna kwana uku ko huɗu duk wata, a hankali darasi ya wuce ta, daga nan sai a ce bata da ƙoƙari. Gyaran ba sai an jira gini ba, sakata da ƙusa ta rataye jaka da bokiti mai murfi da sabulu sun rage rabin wahalar. A aje akwatin ko-ta-kwana a wajen malama mace, da fad da fant da zani ɗaya na ɗaurawa in siket ya ɓaci, kuma a gaya wa malamai maza in yarinya ta nemi izinin fita kar a tsare ta da tambaya a gaban aji.

Maza kuwa dole a yi da su, don a gidaje da yawa kuɗin sabulu da yadi daga aljihunsu yake fitowa, su ne kuma masu gina banɗaki. Ki samu namiji mai mutunci, malami ko ma'aikacin lafiya, ya zauna da magidanta yayi musu bayani a mutunce, cewa kayan al'adar matarka da ƴarka yana cikin hidimar gida ta kowane wata, kuma mace tana buƙatar ƙarin ruwa da wurin shanya a kwanakin nan. Samari ƴan makaranta ma a ware musu zama, mafi yawan tsokanar da suke yi in sun ga tabo a jikin yarinya rashin sani ne. In kuma kina da bakin magana da hukuma ki yi amfani da shi, wasu ƙasashe sun nuna ana iyawa, Kenya ta cire harajin kayan al'ada tun 2004 sannan a 2017 tayi dokar raba fad kyauta a makarantun gwamnati, Indiya ta cire nata harajin a 2018, Sikotland kuma a 2020 ta zartar da dokar bada kayan kyauta ga duk mai buƙata.

Kar ki manta da waɗanda basa iya zuwa taro, mai lalurar ƙafa, makauniya, kurma, da yarinya mai taɓin hankali wadda uwarta ce ke mata komai. Ki bi su gida, ki koya wa mai kula da su. Hoto kuwa kada ki ɗauki fuskar kowa riƙe da fad sai da yardarta da ta iyayenta, in tace a'a ki mayar da wayarki jaka.

Kafin ki bar garin ki zaɓi mata biyu ko uku da ƴanmata biyu masu baki da kamun kai, ki sa su maimaita darasin a gabanki ke kina zaune, ki bar musu samfurin kwali da fad ɗin gwaji da lambar wayarki. Bayan wata uku ki dawo ba tare da kaya ba, ki zagaya bayan ɗakuna ki ga ko an ɗaura igiyar shanya, ki tambayi malama yara nawa suka buɗe akwatin ko-ta-kwana, ki tambayi tela guda nawa ta ɗinka kuma me masu saye suke kuka da shi. In sun ce maɓallin yana cizo ko tawul ɗin baya bushewa da wuri, ku zauna tare ku canza samfurin a ranar.